Ƙofar da Ruwa Ya Biyo

Ranar Laraba, a bakin dam ɗin Goronyo,
jirgin sintiri ya ƙi tashi.
Ba irin na su Baba ba ne mai farfela a gindi,
wannan ta ƙasa yake zuƙar ruwa
ya feso shi ta baya kamar bakin mesa.
Ni aka damƙa wa makullinsa, wata huɗu ke nan.

Na aika a kira Arzika bakanike
daga rumfarsa ta bayan tasha.
Ya zo kan babur, sifana a aljihu, goro a kunci,
yaronsa Labbo rungume da akwatin ƙarfe.

Ya zaro sandar awon mai, ya ɗaga ta ga rana.
Abin da ya kamata ya fito baƙi
ya fito fari-fari, kamar kunun gyaɗa da ya kwana.
Ya murza a yatsa, ya sansana.
"Ruwa na," in ji shi.
"Saura mu gano ƙofar da yab biyo."

Fulogi huɗu ya kwance, ya jera kan tsumma.
Biyu a bushe, da baƙin hayaƙinsu.
Biyu a jiƙe, tsatsa ta fara yi musu lalle.
Ya ce in murza makulli.
Ramuka biyu suka tofo ruwa
har cikin idon Labbo.
Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Ya ɗaura agogon awon matsi, rami bayan rami,
allura ta tsaya wuri ɗaya har sau huɗu.
Gasket ba ta ƙone ba.
Ya cire tukunyar sanyaya mai, ya toshe baki ɗaya,
ya nutsa ta a bokiti, ya hura da famfon taya.
Muka zuba ido. Ko kumfa ɗaya.
Ya haska cikin salansa da tocila,
ya ƙwanƙwasa yana saurare
kamar mai sayen kankana.
Babu tsaga.
Damina kuwa ta wuce da wata biyu,
ba a yi wa sama ƙazafi.

Aka kira la'asar. Muka yi alwala da ruwan dam.
Da muka sallame bai koma kan inji ba,
ya zauna kan jarka, ya fasa sabon goro,
ya miƙo mini ɓari.
"Ƙarfe ya faɗi nashi. Kai fa?
Mi yaf faru shekaranjiya?"

Na dubi ƙafafuna.
Litinin ce, oga ya tafi Wurno.
Na ɗauki buhun albasa shida na kawuna
zuwa wancan ƙetare.
A dawowa fetur ya ƙare a tsakiyar ruwa.
Jabbi ya jefo mini igiya daga kwalekwalensa,
na ce ya ba ta wuta, ya ƙara,
kada magariba ta tona ni.

Arzika ya tauna goronsa har ya ƙare.
Ya kama wani siririn tiyo ya nuna mini:
inji a kashe, jirgi na gudu,
dam ta tura kanta ta nan, ta cika salansa,
babu hayaƙin da zai kore ta,
ta tarar da bawul a buɗe, ta shiga ba sallama.
"Da ka matse wanga da filaya,
ko kun taho sannu awa masu jana'iza,
da yanzu ina rumfata."

Sau uku muka juye mai.
Na farko kunu, na biyu koko,
na uku ya sauko garau kamar zuma.
Inji ya yi tari, ya yi tari, ya kama.
Ruwa ya fita ta baya, inda aka ce ya fita.

Ya goge hannu, ya faɗi kuɗinsa, ban taya ba.
Yana kan babur ya waigo:
"Abin da za ka gaya ma oga,
wannan ba ni da sifanarshi."

Na tsaya riƙe da makulli,
jarkoki uku na farin mai a gabana,
fitilar motar oga tana gangarowa daga kan gada.